Sunan iri ba shi ne sa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya kuma kare ku. Dan Allah ina roƙon ka ɗan sam min fili a wannan shafi, ko da za ka datse wani wajen dan na san ina da dogon zance, in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda mutanenmu ke zaɓen bijimin da za su bari a garke dan barbara, musamman samarinmu da suke shigowa harkar kiwo yanzu da kuɗinsu a aljihu da waya a hannu.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar a ƙasar Gumel, darasin noma na karanta, amma tun kafin in san alli da allo kiwo na tashi na tarar a gidanmu. Ba wasu shanu ne masu yawa da mu ba, duka-duka har da na huɗa ba su kai ashirin ba, da rani suna gida da damina kuma suna rugar wani dattijon Bafulatani da muka gada tun zamanin mahaifinmu, Baffa muke ce masa.

Toh shekara huɗu da suka wuce ƙanena da yake aiki a Kano ya fara turo min bidiyo ta WhatsApp kullum dare, wasu shanu ne tiƙa-tiƙa kamar ginin ɗaki, wani baƙi wuluk ba ƙaho wani fari sol cinya kamar buhun gero, ya riƙa cewa Yaya kaga shanu, mu muna nan muna fama da waɗannan 'yan ƙasusuwan namu. Haka ya dame ni har muka haɗa kuɗi muka je wata kasuwa da ba sai na faɗi sunanta ba, muka samu wani sa ja-ja mai ƙaton tozo da dogon kunne yana ta sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Dillali yace Alhaji wannan Burahma ne, ubansa daga waje aka kawo shi a jirgi. Ba takarda, ba wanda ya san uwarsa, ba wanda ya taɓa ganin ɗansa ko ɗaya, amma da yake sunan ya riga ya shiga kunnen ƙanena, ni ma kuma gaskiya idona ya rufe, muka biya kuɗin da zai sayi bijimai biyu masu kyau muka loda a mota. Cinikin biri a sama dai muka yi ba wani abu ba.

Wata uku bai cika ba sa ya zube. Ashe wata da watanni ya yi a ɗaure a inuwa yana cin dusar alkama da kek ɗin auduga da harawa, bai taɓa tafiyar kilomita biyu ba, da aka sake shi cikin garke a zafin Afrilu sai ya zama kullum shi ne a baya yana haki, ƙafar baya ta fara ba shi matsala, cikin shanu takwas da muke sa ran su ɗauka uku ne kawai suka ɗauka a shekarar. Cikin ukun maraƙi ɗaya ya yi kyau ba laifi, ɗaya kamar kowane maraƙin ƙauye, na ukun kuwa karsana ce ta ɗauka, sai da muka kwana muna ja da igiya da taimakon malamin dabbobi, maraƙin bai zo da rai ba ita ma ta daɗe ba ta dawo daidai ba. Baffa bai ce mana komai ba sai wata rana da muke zaune a gindin aduwa yace, Malam ranar da kuka kawo shi na so in tambaye ku wace ce uwarsa, sai na ga kuna murna na yi shiru.

Wannan tambayar ta Baffa ita ce duk abin da nake so in faɗa a wasiƙar nan.

Abin da kake gani a jikin sa a kasuwa kashi biyu ne a cakuɗe, akwai abin da ya gada akwai abin da ya ci. Wanda ya gada shi zai ba 'ya'yansa, wanda ya ci kuwa da shi zai tafi wajen mahauci. Ƙibar da dusa ta sa ba a gadonta, sheƙin fata ba a gadonsa, amma mu abin da muke biya wa kuɗi kenan. Mai turka dan Sallah ba ruwansa da wannan lissafi, shi ya sayi ramamme mai faɗin ƙashi ya ciyar wata huɗu ko biyar ya sayar, daidai ne. Mai neman iri kuwa hanyarsa daban, kuma matsalar ita ce a kara ɗaya ake sayar da su duka, dillali ɗaya ne, yabon ma iri ɗaya ne.

Bari in ɗan bi ta kan shanun da muke da su dan na lura yara da yawa sun san sunan Angus amma ba su iya bambance Bokoloji da Azawak ba. Bunaji, farfarun nan masu baƙin kunne da baƙin hanci, su suka fi yawa a Najeriya, sun haura kashi ɗaya cikin uku na shanun ƙasar, kuma ba banza ba, saniya ce mai nono daidai gwargwado, santa yana jan garma da amalanke, yana yin nama in an kula, kuma tana jure wurare iri-iri tun daga rairayinmu na nan har Kaduna da Filato da ma kudu da can. Bokoloji na ƙasar Sakkwato, gajeren ƙaho wani ma kamar babu, ga leɓe har ƙasa ga sakakkiyar fata ga sanyin hali, yaro ma zai ja shi, in dai maganar turke da nama ake a shanunmu ni a ganina ba kamarsa, mahauta sun san haka shi yasa suke rububinsa. Rahaji jajayen nan masu dogon ƙaho da dogayen ƙafafu kuwa shanun tafiya ne, za su yi nisan da Bokoloji zai kwanta a hanya, amma ba sa son ɗauri ba sa son baƙo, in ba mai su ba ba wanda suke ji, kuma in ka duba tsayinsa da abin da zai fito a faranti sai kaga ƙashi ya ci rabi. Azawak da ke shigo mana daga Nijar ta Maigatari ranar Alhamis, matsakaita ne a jiki amma nononsu a busasshiyar ƙasa abin mamaki ne, har tasha guda gwamnatin Nijar take da ita a Tukunus dan tace wannan iri. Can Borno akwai Wadara, a tafkin Chadi akwai Kuri marasa tozo masu kumburarren ƙaho da suke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, a kudu kuma ga Muturu da Ndama 'yan ƙanana da za ka raina, amma suna rayuwa a dajin tsando inda sammore zai kwantar da Bunaji. Kowanne ƙasarsa ce ta ƙera shi. Kai Kuri Sule Tankarkar ka gani in zai kai labari.

Na waje kuma da ake ta yayi, da farko ma mutane ba sa bambance na nono da na nama, duk wanda ba shi da tozo sai a ce Firishiyan. Firishiyan mai dabbare-dabbaren baƙi da fari daga Holan take kuma saniyar madara ce zalla, ba dan nama aka yi ta ba. Na nama su ne irin Angus na Sikotilan, baƙi mara ƙaho wanda 'ya'yansa ma yawanci ba sa fitowa da ƙaho, da Herefod na Ingila ja mai farar fuska, da Sharole na Faransa fari wanda bijiminsa yakan haura kilo 1000, da Simental na Suwizalan mai nama da nono. Duk ƙasashen sanyi ne masu wadatar ɗanyar ciyawa. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ciyawa ta ƙare sai kara da ɗan abin da aka ajiye a kan rumfa, ga kaska ga kirci da damina. Sannan maraƙin Sharole yakan zo duniya da kilo 40 zuwa sama alhali na Bunaji kilo 20 da 'yan kai ne, toh ka haɗa wannan da ƙugun karsanar da ba ta taɓa haihuwa ba ka ga abin da zai faru, mu dai mun gani a ƙaramin sikeli.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne shi Burahman ɗin da ake ta kiran sunansa kamar daga sama ya sauko. Asalinsa shanu ne masu tozo na Indiya, dangin namu ne na nesa. Mutanen jihohin kudancin ƙasar Amurka irin su Tekzas da Luwiziyana ne suka ga shanun Turai sun kasa jure musu zafi da kaska, suka je suka ɗebo masu tozo suka haɗa suka tace har ya zama iri, suka kafa masa ƙungiya a 1924. Barazil da ta fi kowace ƙasa fitar da naman shanu zuwa waje, yawancin shanunta Nelore ne, fari mai tozo, in ka ganshi daga nesa sai ka rantse Bunaji ne, shi ma daga shanun Ongole na Indiya ya fito. Wato masu kuɗi da ilimi da suke zaune a ƙasa mai zafi tozo suka nema, mu kuma da muke da tozon a gida muna neman hanyar rabuwa da shi. Kuma abin da ya mai da Nelore ƙato ba sunansa ba ne, shekaru ne aka yi ana auna maruƙa a sikeli ana rubutawa, wanda ya fi saurin girma a bar shi ya yi barbara, sauran a kai mayanka, haka zuriya bayan zuriya. Ko inda suka yi haɗi ma da lissafi suka yi. Santa Gertrudis da aka amince da shi a matsayin iri a 1940 a Tekzas kashi 5 cikin 8 jinin Shothon na Ingila ne kashi 3 Burahman. Bonsmara na Afirka ta Kudu da Farfesa Jan Bonsma ya haɗa, kashi 5 cikin 8 jinin shanun Afirikana ne na can gida, ragowar ne kawai na Ingila. Kaga a ƙasar Afirka jinin gida aka ba rinjaye.

Yanzu ga inda nake so masu karatu su tsaya da kyau. A jihar Nebraska ta Amurka akwai wata babbar cibiyar binciken dabbobin nama ta gwamnati, fiye da shekara 50 suna gwada iri da iri a fili ɗaya da abinci ɗaya, kuma abin da suka yi ta samu shi ne eh lallai akwai bambanci tsakanin iri da iri, amma bambancin da ke cikin iri ɗaya tsakanin wannan sa da wancan shi ma babba ne ƙwarai, har layukan suna shiga juna. Ni a matsayina na malamin makaranta wannan bai ba ni wahalar ganewa ba. Aji shida A za su iya fin aji shida B a jimlar maki, amma na ɗaya a B ya fi rabin 'yan A, na ƙarshe a A kuma ko a B ɗin ma na ƙarshe ne. In ka zo neman yaron da zai wakilci makaranta a gasa ka ce kai dai a ba ka ɗan A ko wane ne, toh za a iya miƙo maka na ƙarshen kuma ba a yi maka ƙarya ba. Haka sunan iri yake, yana gaya maka ajin da sa ya fito, ba ya gaya maka na nawa ya zo. Bunaji na ƙwarai ya fi lalataccen Burahman sau goma, kuma wallahi in ka tsaya ka yi tunani, wanda yake da sa na ƙwarai mai ba da 'ya'ya masu kyau me zai kai shi kasuwa da shi? Yawanci wanda aka tsame ne yake zuwa.

Dalilin wannan bambanci kuwa a halitta yake. Kowace saniya tana ɗauke da ƙunshin gado guda 60, 30 daga uwa 30 daga uba, kuma duk haihuwa sabon rabo ake yi, rabin da wannan maraƙi ya ɗebo daga uba ba shi ne rabin da ƙaninsa zai ɗebo ba. Shi yasa uwa ɗaya uba ɗaya sai kaga ɗaya ya yi faɗi ɗaya ya yi tsawo, kamar dai mu 'yan Adam, ni da ƙanena ma ai ba wanda zai ce ciki ɗaya muka fito. Kuma ba komai ne ake gada da ƙarfi ɗaya ba. Launi da ƙaho suna bin jini sosai, saurin girma da cikar nama suna bi daidai gwargwado, saurin ɗaukar ciki kuwa abinci da lafiya sun fi jini tasiri a kansa, saniyar da ta fita rani haƙarƙari a waje ko 'yar waye ba za ta nemi sa da wuri ba. Toh mu kuma launin nan da ƙahon da ba sa ƙara ko kilo ɗaya su muka fi tsayawa muna musu a kai.

Saniya in ta yi ƙoƙari ɗa ɗaya take bayarwa a shekara, ciki kansa wata tara ne da 'yan kwanaki, a kiwonmu na gargajiya ma sau da yawa sai shekara biyu take zagayowa. Sa kuwa zai iya ba ka maruƙa 20 ko fiye a shekara ɗaya, rabin jinin kowanne nasa ne. In ka yi kuskure a saniya ka yi asarar saniya ɗaya, in ka yi kuskure a sa ka zuba wa garke gaba ɗaya, kuma in ka ajiye 'ya'yansa mata suka zama iyaye toh kuskuren zai bi ka shekara goma kana tatsa kana tsaki.

Ba wai ina cewa haɗi da na waje haramun ba ne, kar a fahimce ni a baibai. Haɗin farko, uwa Bunaji ko Bokoloji uba tsantsar na waje, sau da yawa yana ba da maraƙi mai ƙarfi da saurin girma, a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello an daɗe ana haɗa Firishiyan da Bunaji dan madara kuma an ga amfani a inda akwai abinci da magani. Amma duk manomin da ya taɓa shuka masarar haibirid ya san zancen, shekarar farko gona ta yi kyau kamar a hoto, in ka ɗebi iri daga ciki ka mayar baɗi sai ta fito wani dogo wani gajere wani ba goyo. Haka ruwa-biyu yake in ka mai da shi uban garke, musamman irin namu da ba a ma san ruwa nawa ba ne, 'ya'yan sai su watse kowa da kamarsa. In kuma aka ci gaba da ƙara jinin waje har ya kai kashi uku cikin huɗu, toh ka shirya gina rumfa da fanka da kiran likita duk sati, sabida juriyar da uwar ta kawo ta tafi. Mai gona a bakin Kano da rijiyar burtsatse da injin niƙan abinci zai iya. Mai shanu goma a rugar da ake tafiyar awa guda kafin a sha ruwa, wannan ya yi wa kansa faɗa.

Yadda Baffa yake zaɓe, da na zauna na lura, ashe duk abin da ke cikin littafi yana yi ba tare da ya taɓa buɗe littafi ba. Shi ba ya zaɓen ɗan bijimi da kaka lokacin da kowa ya ƙoshi, sai ƙarshen rani gab da faɗuwar ruwa, yace a lokacin ne saniya ke faɗin gaskiya. Kuma ba ya gwada na turke da na daji, sa'o'in juna yake dubawa waɗanda aka haifa lokaci ɗaya suka sha wahala ɗaya, wanda ya riƙe jikinsa a cikinsu shi ne. Sannan ya koma kan uwa, ya san ta ya san uwarta ya san kakarta da sunayensu, wace ce take haihuwa ba ta tsallake shekara, wace ce nononta ke isar ɗa har a samu na ƙwarya, wace ce ta taɓa ɓari, wace ce mai tunkuyi. Na taɓa nuna masa wani ɗan sa mai kyan gani nace Baffa wannan fa, yace a'a ɗana, uwarsa sai ta shekara uku take tunawa da haihuwa, kyansa na mahauci ne. Bayan wannan sai ƙafa, dan sa da ƙafar baya yake aiki, ya tsaya a bayansa ya sa a kora shi ya ga takunsa, ya duba kofato, ya duba 'ya'yan maraina su zama biyu daidai da juna masu cika ba kumburi ba, ya duba kada fatar gaban ta yi reto da yawa har ƙaya ta riƙa kama ta, wanda matsala ce da ake samu a wasu Bokoloji da Burahman, ya buɗe baki ya ƙirga haƙori dan kar a sayar maka da tsoho a ce ɗan shekara uku ne. Abin da zan ƙara a kan nasa shi ne in daga waje ka kawo sa, ka ware shi 'yan makonni kafin ya shiga garke kuma malamin dabbobi ya duba shi, sabida ciwon huhu da boru da bakkale mai sa ɓari a ƙafar baƙon sa suke shigowa gida.

Akwai kuma laifin da yake namu ne mu manoma ba na dillali ba. In mun yanke gero, zangarniyar da ta fi tsawo da cika ita muke warewa mu ɗaure a rataye dan iri, ko yunwa ake ba a taɓa ta. Amma a shanu sai mu juya abin. Ɗan bijimin da ya fi kowa girma shi za a fara kamawa a dandaƙe dan huɗa, ko a ɗaure shi a turke dan Babbar Sallah tunda shi zai fi kuɗi, sai a bar wani ɗan tsamurmuri da ba wanda ya taya yana bin shanu, shi ne uban 'ya'yan baɗi. Shekara da shekaru muna haka, duk Juma'a a Wudil duk Alhamis a Maigatari ana loda mafi kyawun jininmu a tirela ana yin Legas da shi, sannan mu dawo mu ce shanunmu ba sa girma, iri ne mara kyau. Wani kuma sai ya riƙe sa ɗaya shekara bakwai har ya dawo yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, maruƙa su riƙa fitowa ƙanana marasa ƙwari ana cewa maita ce ko sammu. In 'ya'yansa mata sun isa barbara a canza shi, ko musanya ce ka yi da wani mai garke da ka yarda da shi a wani gari, ba sai ka kashe ko sisi ba.

Masu zuwa a yi wa shanunsu allurar barbara kuma, dan yanzu abin ya fara yaɗuwa, ga cibiya a Kadawa ta jihar Kano ga masu zaman kansu suna yawo da tulun sanyi a bayan babur, shawarata ku riƙa tambaya. Irin da za a sa wa saniyar na wane sa ne, na madara ne ko na nama, 'ya'yansa da nauyin nawa suke zuwa, kuma kar a fara da karsana. Kalmar na waje ne kawai ba amsa ba ce.

Roƙona ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024 da gwamnatocin Jigawa da Kano shi ne a cikin duk abin da za a kashe wajen kawo iri daga waje a ware wani abu dan tace namu, a samu garken Bunaji da Bokoloji da Azawak da ake aunawa ana rubutawa, talaka ya je ya sayi ɗan bijimi da takardar uwarsa da ubansa a hannu. A sa sikeli a manyan kasuwanni. In an yi bikin nunin amfanin gona kuma a daina ba wanda ya fi ƙiba kyauta shi kaɗai, a ba saniyar da ta zo da 'ya'yanta huɗu a bayanta.

Ni dai tun bayan abin da ya same mu na sayi littafi mai ganye 80 da tef ɗin tela, duk maraƙin da aka haifa in rubuta rana da uwa da uba, duk wata uku in zagaya ƙirjinsa da tef ta bayan ƙafafun gaba in rubuta, tunda ba mu da sikeli. Da farko yaran ruga dariya suke min wai Malam zai ɗinka wa maraƙi riga. Shekara uku kenan, kuma littafin da Baffa sun haɗu a kan ɗan bijimi ɗaya, Bunaji ne tsantsa ba wani suna mai daɗi, ɗan wata saniya da ta ba mu uku cikin shekara huɗu, ya fi sa'o'insa faɗin ƙirji tun yana wata shida kuma bazarar bana ko gezau bai yi ba. Shi jan san kuwa mun ƙara masa dusa mun sayar wa mahauci da asara, naman dai an ce ya yi daɗi.

Matsalar yanzu dillalai sun ƙyalla ido sun ga ɗan bijimin, biyu sun zo har gida, ƙanena kuma ya fara kira daga Kano wai Yaya a ɗaure shi a fara ba shi dusa tunda Sallah ta matso, kuɗin sai mu ƙara mu sayi wani Simental da ya gani a Facebook. Ban yi masa musu ba dan ba na son faɗa a waya. Shekaranjiya da asuba na sa yaran Baffa suka kora shi can mashekarinsu na nesa, nace kar a dawo da shi sai an gama cin naman layya.

Na gode da wannan dama, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu a kullum,
Wani malamin firamare mai kiwo,
Ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, Jihar Jigawa.